Kujerar Jirgin da Abokina Ya Bari

Shekarun baya, lokacin da tawaye ya sake tashi a arewacin ƙasarmu, kowa a Arlit kuma bakinsa na kan sabbin ramukan yuraniyam, ina karatu a jami'a a Yamai da burs, tallafin karatu na gwamnati. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada makinka na shekara ya faɗi ƙasa da goma cikin ashirin. Nawa kuwa kullum a bakin gaɓa yake. In aka yanke mini burs, sai dai in tattaro in dawo gida Arlit in riƙe wa mahaifina almakashi a shagon ɗinki.

Ajinmu ɗaya da abokina, tun muna ƙanana tare muke. Ina ƙaunarsa, kuma ina jin haushinsa, duka biyun da gaske. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin ma'adinai ne, gidansu a unguwar ma'aikata, famfo ba ya ƙafewa, wuta ba ta ƙiftawa. Mu kuwa muna bayan gari, jarka muke ɗauka mu bi layi. Ni in yi ta hadda har kaina ya ɗau zafi in samo goma da ƙyar, shi ya leƙa littafi yana kurɓar shayi ya kwashe sha shida. Mahaifiyata ma ba ta rage mini zafi ba. Ko me na yi sai ta ce, "Kai dai ka dubi abokinka."

Wata Babbar Salla ta faɗo dab da jarrabawa. Na so in zauna, amma mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Rago bisa wuta, ɗana na Yamai? Ka taho ko kwana guda ne." Kwaɗayi mabuɗin wahala. Muka taho tare da abokina.

Komawar ce ta gagara. A lokacin mota ba ta fita Arlit sai cikin ayari da rakiyar soja, saboda nakiyoyin da ake binnewa a hanya. Sojojin kuma ba sa faɗin ranar tashi, kada labari ya riga su isa daji. Kowace safiya sai ka ɗauki jakarka ka je shingen bakin gari ka zauna, in rana ta take ka koma gida.

Shi kuwa abokina an samo masa kujera a jirgin kamfani, wanda ba a sa kowa sai iyalan ma'aikata. Da ya gaya mini, naman sallar ma ya daina yi mini daɗi. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya, a raina ina cewa ashe har sararin samaniya ma an raba, mu ba a ba mu ba.

Ranar tashinsu ina zaune kan jakata a shinge, jirgin ya wuce ta kanmu, na raka shi da harara har ya ɓace. Sai na ji an ce, "Matsa mini in zauna." Na waiga, ga abokina da jakarsa da ƴar butar shayinsa.

Na ce, "Kai! Ba ka tafi ba? Jarrabawar fa?"

Ya ce, "Kai ba ka lissafi. In kai kaɗai ka makara, sifili za a dangwara maka, ba mai waiwayarka. In har da ni, malaminmu ko barci ba zai iya ba."

Wallahi wannan maganar ta fi jirgin yi mini ciwo, don na san gaskiya ce.

Sai da ranar jarrabawa ta wuce sannan ayari ya tashi. Kowace mota tana taka sawun ta gabanta, ba mai kaucewa ko taku ɗaya, ba ka jin komai sai salati. Ni ina tunanin nakiya da almakashi, gogan naku yana sharar barci a kafaɗata.

Da muka isa Yamai muka wuce ofishin malamin. Yana ganin abokina ya miƙe tsaye. "Ɗana! Alhamdu lillahi, na zaci wani abu ya same ka. Ka huta, jibi zan shirya maka taka jarrabawar."

Abokina ya ce, "Malam, mu biyu ne."

Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan ma ajina yake?"

Ni da nake zama a layin gaba, har ƙurar allinsa nake shaƙa! Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, shi ma ya shigo."

Na shiga, na samu goma da ɗan ɗoriya, burs ɗina ya tsira har na gama karatu. Nasa makin kuwa, kada ku tambaye ni.

Yau ni ma koyarwa nake yi, kuma abin da na fara riƙewa a kowane aji shi ne sunayen masu goma da ƙyar, don ba kowannensu ne yake da wanda zai bar jirgi dominsa ba. Zumuncinmu da abokina yana nan, ƴaƴanmu ma sun saba. Amma ranar da na ba mahaifiyata labarin nan, sai ta tafa hannu ta ce, "Ka gani ko? Kai dai ka dubi abokinka."

Na dube shi, Inna. Shekara da shekaru ina dubansa, kuma har yau abin yana ci mini rai. Mutumin nan ko a alheri sai da ya fi ni maki.