Hancin da Ya Ƙi Hannuna

A Barkin Sale, duk wanda ka gani da hanci a tsaye, tambaye shi wa ya yi masa wankan jarirai. Ni ce. Tsumma nake tsomawa a ruwan zafi, in matse, in gasa karan hancin, in lakato man kaɗanya in ja da yatsu biyu, safe da yamma har a yi arba'in. Haka uwata ta koya mini.

Hanci ɗaya ne ya ƙi ni, na jikata, 'yar babban ɗana. Faffaɗa, irin na dangin uwarta. Na gasa, na ja, yana nan zaune daram. Tana tasowa nakan kama shi in ce, "Ke dai kin ba ni kunya, ƙawata." Sai ta yi dariya. Ni a wurina wasan kaka da jika ne.

Da ta fara aiki a Tunga, ta ce za ta Abuja kwas. Ta dawo da filasta a fuska, ƙasan idanunta ya yi baƙi. Ta baje mini hotuna a tabarma, an ja layuka a fuskarta kamar filin da za a yanka. Wai likita ya auna faɗin hancin da tsakanin idanu, ya ce ya wuce. Ya tsaga 'yar fatar da ke tsakanin ƙofofin hancin ya ɗage, ya yanko guringuntsi a kunnenta ya tokare tsinin, ya rage gefe da gefe ya ɗinke.

Na ce, "Nuna mini abin da aka rage."

Ta nuna. Wallahi bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

"A kan wannan kika miƙa fuskarki aka sa wuƙa? Wa ya ce miki da aibu?"

"Ke, Kaka. Tun ban san madubi ba."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Kumburi ya sauka, hanci ya tsaya, mutane na ta yabo. Amma ƙofar hagu ta matse. Tana cikin magana sai ta dakata ta ja iska ta baki. In na ji haka, tashi nake in shige ɗaki.

Bara ta haihu, mace. Da ta zo gida wankan jego, ta ce kowa ya wanke jaririyar ban da ni. Ni da na wanke rabin unguwa! Kwana shida ina kallon maƙwabciya na jagwalgwala yarinya da ruwan da bai yi zafi ba. Ranar suna da safe na tsaya bakin ƙofarta.

"Ban taɓa roƙon kowa ba, kin sani. Ni na ja miki wannan. Ba ni ita."

Ta miƙo mini ita. Hancin nan ne sak, ya dawo. Na matse tsumma, hannuna ya nufi wurin da kansa. A bayana na ji uwar tana jan iska ta baki. Na goge goshi, na goge kunne, na tsallake.

Har yau in ina wanke ta, yatsun nan biyu ƙaiƙayi suke mini, kuma uwar ba ta taɓa barin mu mu kaɗai ba.