Layina ya mutu a Maraɗi, ya tashi a hannun ɓarawo

Mun tashi da asuba daga Ƙofar Kuyambana, ni da abokin sana'ata, da manyan riguna guda biyu da muka gama wa aiki, za mu kai wa wani Alhaji a Maraɗi. Hanyar Katsina ba laifi, ban da shingayen da kowanne sai direba ya gaisa da hannu. A Jibiya muka sha fura mai sanyi, muka canji sefa, naira ta koma kamar an jiƙa ta.

Muna tsallake iyaka sai wayata ta yi ƙara, wani kamfanin da ban sani ba yana yi min barka da zuwa. Abokin tafiyata ya ce romin ke nan. Layinka ba shi da turken sabis a ƙasar mutane, sai kamfanin can ya ba shi masauki, na gida kuma ya yanka a katinka. Ko kiranka aka yi sai ka biya. Na kira Inna na ce mun sauka lafiya, kafin ta gama sa albarka kati ya kusa ƙarewa.

Washegari sabis ya ɗauke ɗif. Na ce halin romin ne, na jefa wayar a aljihu. Muka ci kilishi da dogon burodinsu mai kama da sanda, Alhaji ya yaba aiki, muka ƙara kwana.

Da muka dawo Najeriya wayar abokina ta kama sabis ɗin gida, tawa shiru. A nan na gane ba romin ba ne.

Na tarar da zaurenmu cike da takalma. Inna na ganina ta zube, tana shafa fuskata tana cewa, “Ina karayar? Ba an ce mota ta kife da ku ba?”

Ashe wani ya je ofishin waya da sunana, ya ce layinsa ya ɓata, aka yanka masa sabo da lambata. Da ita ya kira Inna, wai shi ma'aikacin asibiti ne, ba za a taɓa ni ba sai an biya. Lambar ɗanta ta gani, me za ta yi? Ta cire 'yan kunnen gwal da ta gada wurin mahaifiyarta, aka sayar, aka tura masa kuɗin. Tsohuwa mai hawan jini, ta wuni ba ta sa komai a bakinta ba!

Na je ofishin wayar na tambaya wa ya ba ɓarawon layina. Aka ce in yi haƙuri, ana bincike. Haƙurin me? Ni da zan yi rajista har zanen yatsuna aka ɗauka.

Abin da tafiyar ta koya min: in sabis ya ɗauke maka a waje, kada ka ɗora wa romin, ari waya ka kira gida nan take. Layina ya dawo, amma har yau in na kira Inna, sai ta tambaye ni sunan kakata kafin ta amsa gaisuwa.