Mutumin da Baba Ya Tsaya Wa

Injin haƙar kirifto ne ya fara haɗa ni da Baba a sana'a. Lokacin na yi shekara biyu da gama makaranta ba aiki, ina zaune a gidanmu a Aliero, ina cin tuwon Inna, ina ba mutane shawarar da ba su tambaye ni ba. Sai na ji wani a Jega yana sayar da injinsa da ya ɗan mora. Na sayar da babur ɗina, na haɗa da ɗan abin da na tara, na je na ɗauko shi a motar haya. Ban yarda an sa shi a but ba, a cinya na riƙe shi har gida.

Akwatin ƙarfe ne ɗan madaidaici, da fanka gaba da baya. Aikinsa lissafi a intanet ba hutawa, ladan lissafin kuma a riƙa ɗiga maka kuɗin intanet da ake kira kirifto kaɗan-kaɗan. Shi ake kira haƙa, ko da yake ba ƙasar da ake tonawa. Ƙararsa kamar ta injin niƙa, ga zafi yana fesowa. Ɗakin da ke jikin zaure na sa shi, a zauren kuwa Baba yake wuni.

Baba ya fi shekara talatin yana dillancin albasa. Da yanar ido ta rufe masa gani ya daina zuwa kasuwa, ya koma zaman buzu da carbi da rediyo. Kwana biyu ya haƙura da ƙarar, a na uku ya kira ni.

"Wanga abu naka, mi shika ci?"

"Wuta, Baba."

"In babu wuta hwa?"

"Sai a tada janareto."

"To in ya ƙoshi shina ƙiba?"

Na yi dariya, irin dariyar wanda ya je jami'a. Bai kula ni ba, ya ce, "Rago in ka ba shi dussa wata ukku, kuɗɗinai ƙaruwa sukai. Shi wanga hwa?"

Wata huɗu suka ba shi amsar a madadina. Wutar garinmu ba ta zama, man janareto kullum sai tashi, kuma ashe duk sa'ad da manyan masu haƙa na duniya suka ƙaro sababbin injuna, rabon tsoho irin nawa raguwa yake. Abin da yake sha a wuni ya fi abin da yake kawowa, shi kansa kuma kuɗinsa faɗuwa suke kowane wata. Na kashe shi, na lulluɓe da tsohon zanen Inna, na daina son a yi mini maganarsa.

Mai saye ya zo daga wajen Sarandosa ta ƙasar Maiyama, wani mai gonar rani da ke da sola da yawa. Na shirya masa zance mai daɗi, amma ko baki ban buɗe ba Baba ya karɓe cinikin. Abin da ya fara gaya masa shi ne, "Samari, wanga abu ci garai. In ba wutar rana ta kyauta gare ka ba, kak ka taɓa shi." Na ji kamar in fasa ihu. Mutumin kuwa sai ya gyara zama. Suka yi ta ja, Baba na ɗaga kuɗin a hankali, yana tambayar lafiyar mutanen Maiyama ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kuɗin da ya fi wanda na sa rai. Baba ya kama hannuna ya haɗa da na mai sayen ya ce Allah shi sa albarka. Ranar ce na fara ganin mahaifina a bakin aikinsa, ina da shekara ashirin da bakwai, kuma na ji kunya.

Da kuɗin injin na koma saye da sayarwa ta waya. Akwai wata dalar kirifto da mutane ke nema, masu odar kaya daga waje da masu 'yan'uwa a can. In saya a wurin wannan, in sayar wa wancan, in ci ɗan abin da ke tsakani. Idan mutum zai saya a wurina, manhajar wayar da muke cinikin a kanta ce ke riƙe dalar. Shi ya tura mini naira ta banki, in na ga alat, wato saƙon banki, ya shigo sai in danna in sakar masa. Da na yi wa Baba bayani sai ya ce, "Ashe dillanci na. Ita wayar ita ad dillali." Daga ranar ya matsa mini wuri a gefen buzunsa.

Kullum da hantsi nan nake zama, ina karanta masa saƙonnin masu ciniki. Ba ya ganin allon waya, amma yana jin mutum a cikin maganarsa. Wanda ya faɗo ba sallama, Baba ya ce ɗan gaggawa ne, a ƙara masa kuɗi. Wanda ya cika yabo, ya ce in yi hankali. Akwai wata mai odar atamfa da ya sa wa suna Hajiya Rage Mini, in ta kwana biyu ba ta zo ba sai ya tambaye ni ko lafiya take. Sau da yawa yana dacewa, in ya kuskure kuma ba na gaya masa. Ya koma sa hularsa ta zuwa kasuwa, alhali daga ɗaki zuwa zaure ne tafiyar. Ban taɓa jin daɗin zama da wani mahaluki kamar waɗannan watanni ba.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar albasa ne, bayan azahar, zafi ya hana kowa motsi. Wani ya zo yana son kusan duk dalar da nake da ita. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ni da aiki, ya turo hoton rasit cewa ya biya. Na duba banki, ba komai. Ya ce sabis ne, kuɗin na hanya. Ya ce ƙanensa na karatu a wata ƙasa, yana kwance asibiti, an ƙi taɓa shi sai an biya. Ya rantse da Allah. Duk ina karanta wa Baba, kamar yadda na saba.

"Ya rantse?"

"Ya rantse, Baba."

"To sakam mai."

Na ce dokar sana'ar nan ɗaya ce, ba a saki sai an ga alat. Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take.

"Mutum ya kira sunan Allah, ƙanenai na kwance, kai kana jiran waya ta yi ƙara? Sakam mai. Ni nit tsaya mai."

Na daɗe ina gaya wa kaina biyayya ce ta sa na danna. Ba ita kaɗai ba ce. Na so a ce Baba ya yi daidai. Na so in ji alat ya shigo in ga yadda zai gyaɗa kai. Na danna, mutumin ya yi godiya da addu'a mai tsawo, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na kai ƙara ga masu manhajar, suka ce da hannuna na saki, kuma gaskiyarsu ce.

Kwana uku Baba na tambaya, "Ya shigo?" ina cewa sabis ne. A rana ta huɗu, na tashi ba jari, ga masu ciniki na sallama ina ba su haƙuri, sai ya sake tambaya. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na ce, "Ba shi shigowa, Baba. Ɓarawo na. Wagga ba kasuwar albasa ta ba, zamaninku ya wuce, rantsuwa ba ta sayen komi yanzu." Har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Baba ya lalubi sandarsa ya shiga cikin gida, washegari kuma bai fito zaure ba.

Baba na da 'yar gonar albasa da ƙanensa ke noma masa. Kowace shekara ba ya sayarwa da kaka. A rudu ake jera ta, wato gadon kara da ake yi wa rufin ciyawa don iska ta riƙa ratsa ta, a jira sai damina ta yi nisa, kasuwa ta yi yunwar albasa. Abin da gidanmu ke ci ke nan shekara. A wannan makon, sa'ad da albasa ta cika kasuwa har ana tattaka ta, ya aika aka kira wani tsohon abokin dillancinsa, aka kwashe rudun nan kakaf. Ina waje ban sani ba. Na dawo na tarar da Inna tsaye tana kallon karan da ba komai a kai.

Da la'asar ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini baƙar leda, kuɗin albasar na ciki.

"Dillali in yat tsaya ma mutum, mutum yag gudu, shi ka biya. Amshi."

"Haba Baba. Ni in amshi kuɗɗinka?"

"Ba nawa ne ba, naka na."

Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar da na yi, na ce ni na danna, asarar tawa ce, na tura ledar ƙarƙashin filonsa na fita. Ina fita ina jin kaina ɗan kirki. Ya ba Inna ta kawo mini, na mayar. Ya sa ta a aljihun rigata da ke rataye, na mayar. Daga nan ya bari. Ya daina sa hula, ya daina kunna rediyo, abinci sai ya ɗan taɓa. Ni kuma na ɗauka asarar albasar ce ke cinsa, ina ta lissafin yadda zan farfaɗo in mayar masa da rudunsa.

Bayan kamar mako biyu wasu maƙwabtanmu biyu suka yi sallama da safe. Ɗaya zai sayar wa ɗaya injin ban ruwa, a biya bayan an cire amfani, suna son Baba ya shiga tsakani ya tsaya wa mai sayen. Irin wannan a unguwarmu wurinsa ake kawowa tun ina yaro. Ya fito zaure don ya amsa gaisuwarsu. Ina ɗakin da injin ya taɓa zama, ƙofa a buɗe, ina jin komai.

Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Ku tai wurin wani. Ni tsayawata ba ta da nauyi yanzu. Na tsaya ma wani ga ɗiyana, abin ya ɓaci, na kawo biya, ya ƙi amsa. Awa yaro in ya yi ɓarna a ce a ƙyale shi, bai san komi ba."

A hankali ya faɗa, ba fushi a ciki, kuma ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamarta ba. Ni da nake ganin tausayinsa nake ji, ashe mako biyu ina gaya masa maganarsa ta zama ta tsoho, wadda ake ji a yi murmushi a wuce. Zagin da na yi masa ranar nan bai kai wannan ba.

Na fito na gaida baƙin, na durƙusa gaban Baba.

"Baba, na zo amsar kuɗɗin mutumen da kat tsaya ma."

Maƙwabtan suka dubi juna. Babban cikinsu ya ce, "Kai, ubanka na hwa." Har yau mutumin nan sama-sama yake amsa gaisuwata, kuma ban taɓa yi masa bayani ba.

Baba ya ɗaga murya ya kira Inna, rabon da in ji muryarsa haka tun ranar cinikin injin. Ta miƙo ledar daga bakin ƙofa. Ya ɗora a hannuna ya ce, "Ƙidaya gaban shaidu."

Na ƙirga. Albasar kaka ce aka sayar, kuɗin ba su kai ba. Na riƙe su ina kallon hannunsa, duk jijiyoyi, a kan gwiwarsa. Ba zai ga abin da ke hannuna ba, in na ce sun cika shi ke nan, kuma duk jikina so yake in ce sun cika. Ina son mutumin nan fiye da yadda na iya faɗa masa.

"Ba su cika ba, Baba. Da saura."

"Na sani," in ji shi. "Ran kasuwar Jega ina cika ma. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in shiga in ce wa Inna ta kawo wa baƙi ruwa. Ina tashi na ji ya gyara zama a kan buzun, ya juya wajen mutanen nan biyu.

"To, wa am mai injin? Shekara nawa shina aiki? Kak ka ɓoye man komi."