Mudun Riɗin Gayya

Har yau in na ji ƙamshin riɗi sai in kau da kai.

Shekarar da injin tace riɗi na kasuwar Gadarif, garin da muke zaune cikin Larabawa, ya sallame mu, wani ofishi ya sa sunana cikin masu karɓar tallafin rashin aiki. Ba wani abin kirki ba ne, amma yana riƙe tukunya. Ana cikin haka wani ɗan kasuwar dawa ya yi mini alkawarin aikin riƙe makullin sitonsa in kaka ta ƙare, don ya ce bai taɓa jin an kama ni da ƙwayar wani ba.

Sai maƙwabcinmu, dattijon da nake kira Baba, ya karye a ƙafa riɗinsa na tsaye a gona. Riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube. Aka yi kiran gayya, abin da Larabawa ke ce wa nafir. Na ɗauki laujena na bi jama'a, muka yanke, muka ci asida, tuwon Larabawa, kowa ya kama gabansa. Washegari matar Baba ta aiko wa matata mudu guda na riɗi, kamar yadda ake yi wa kowa.

Ashe wani ma'aikacin ofishin ya ɗauki hotona a gonar. Kai, mutumin da bai san gabas ba a aikin gona! Takarda ta zo: wai ina ƙwadago a ɓoye ina cin tallafi, wai zamba, don haka an yanke mini tallafin. Ɗan kasuwar ya ce, "Je ka wanke sunanka tukuna, makulli na nan."

Na ɗaukaka ƙara. Sau huɗu ina zuwa mahkama, wato kotu, ana ɗagewa, ina zaune kan benci ɗaya da ɓarayin awaki. Ranar ƙarshe na kawo Baba da kaina, ni na riƙe masa sanda a matakala. Ya sha babbar riga, sai ka ce ɗaurin aure za shi.

Alƙali ya tambaye shi da Larabci, "Ya Hajj, kyauta wannan ya yi maka aiki?"

Baba ya dubi cikar ɗakin, ya gyara hula, ya ce, "Maulana, ni? Tunda nake ba a taɓa yi mini aikin banza ba. Kowa na sallame shi da riɗi."

Innalillahi! Na miƙe ina cewa mudu ɗaya ne, alherin gayya ne, ɗan sanda ya danne mini kafaɗa. Alƙali ya rubuta cewa mai gona ya tabbatar da biyan lada, ya bar hukuncin ofishi yadda yake.

A waje na ce, "Baba, me na yi maka?"

Ko kunya babu ya ce, "Haba ɗana, so kake in faɗa a gaban Larabawa cewa sadaka aka yi mini?" Tir! Don rigarsa kada ta yi ƙura ya shafa mini kashin kaji. Makullin sito kuwa, kafin Juma'a na gan shi a ƙugun wani.

Da riɗin Baba ya sake nuna, matarsa ta shigo gidanmu da kiran gayya. Na ce, "Inna, gaya masa ni ɗan ƙwadago ne, mahkama ta tabbatar. Ya faɗi nawa zai biya."