Layin da na goge

Lokacin da na fara aiki a Parakou, kwamfuta ɗaya tak ce a ofishinmu, idan an tashi a lulluɓe ta da zane kamar kwanon tuwo. Ofishin na wata 'yar ƙungiya ce mai shirya wa maniyyata tafiyar hajji. Aikina shi ne kula da shirin da ke tattara sunaye, ya fitar da jerin waɗanda za su hau jirgi.

Shirin da na tarar, wani dattijo ne ya rubuta shi da yaren kwamfuta na BASIC, kafin ciwon ido ya zaunar da shi a gidansa na unguwar Ladjifarani. Ni kuwa na dawo daga karatu da yaren dBase, kaina ya kumbura. Na ce zan sake rubuta komai. Sati uku ina kwashe aikinsa layi-layi ina zubawa a sabon yare, ina tsaki.

Akwai wurin da ya fi ba ni haushi. Duk lokacin da shirinsa ya ga mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, sai ya tsaya cak, ya tambayi mai bugawa ko mutum ɗaya ne. Na kai masa maganar har gida. Ya ce, "Ɗana, bar layin nan. Mutanenmu ba su da ranar haihuwa." Na ce to, don girmansa. Da na koma ofis na goge layin, na sa injin ya riƙa jefar da suna na biyu da kansa, ba tambaya.

Abin da yake nufi na san shi sarai. Tsofaffinmu, takardunsu "né vers" aka rubuta, wato an haife shi wajejen shekara kaza. Injin ba ya karɓar wajejen, don haka kowa muke ba shi ɗaya ga Janairu. Kuma a gidajenmu na Djougou, duk ɗan fari namiji sunan kaka ake sa masa.

A shekarar nan baffana, wan mahaifina mai sayar da goro, ya yi niyya. Ɗan wan babansa da ke noman doya a Kolokondé shi ma ya yi niyya. Damina ɗaya aka haife su, sunan kaka ɗaya suka ci, sunan gida ɗaya. A gida ba wanda ke rikita su, don ba mai kiran sunan nan saboda kunya, kowa da laƙabinsa. A takarda kuwa mutum ɗaya ne. Na Kolokondé ne ya fara kawo takardunsa, injina ya jefar da Baffa.

Ba a gano ba sai da jeri ya tafi, kujeru suka cika. Ni da kaina na duba jerin kafin a aika, na ga sunan gidanmu sau ɗaya, na ji daɗi, na wuce. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Na hau mota zuwa Djougou. Na same shi a zaure yana yayyafa wa goro ruwa, jakarsa a ɗaure a kusurwa, haraminsa sabo fil a kai. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa. Can ya ce, "Ordinateur ɗin, injin nan naka, bai san mai doya da mai goro ba?"

Na ce, "Bai sani ba, Baffa."

"Kai fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya miƙo mini goro ya ce, "Kira ne bai zo ba. Baɗi, in da rai." Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sanda. Haƙurin nan nasa ya fi mini duka zafi, har na ji haushinsa, na kuma ji kunyar haushin.

Da na koma Parakou na mayar da layin dattijon cikin sabon yare. Bai ɗauke ni minti goma ba. Na sa sunan Baffa a farkon jerin baɗi, kowace safiya sai na buɗe na tabbatar yana nan.

Ana saura wata biyu tafiya zazzaɓi ya kwantar da Baffa, kwana huɗu ya cika. Haramin nan da bai je ko'ina ba, da shi aka yi masa likkafani. Bayan sadakar bakwai na koma ofis, na yaye zanen, na kunna injin. Sunansa na nan a layin farko, kuma dokar aiki ce a cire mamaci a ba wani kujerar. Da na danna, shirin ya tsaya ya tambaye ni ko na tabbata.