Guzumar Malam Bilyamin

Malam Bilyamin mutumin Fika ne, amma a Dogo Tebo ya gina gida, nan cikin Potiskum. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin malamin dabbobi, yana bin rugage da allurar rigakafi a cikin wata farar jif ta ofis, irin mai ja da ƙafa huɗu. Da ya yi ritaya aka sa motar a gwanjo. Ta riga ta sha jiki, babu wanda ya taya sai shi. Fulanin da ya saba da su tuni sun raɗa mata suna Guzuma, kamar yadda suke kiran tsohuwar saniya.

Bai taɓa zama a gareji ba, daji ne ya koya masa gyara. Ranar da lagireto ya huje masa a bayan Gadaka, da sabulun wanki ya toshe shi har ya iso gari. Ranar da fanbel ya tsinke, igiyar ɗaure maruƙa ya aro a ruga ya ɗaura. Duk abin da ya lalace sai ya kwance shi a kan buhu, ya jera kusoshin bi da bi, ya duba har ya gane inda ciwon yake.

Da motar ta zama tasa, sai ya mai da ita yadda yake so. Ya ƙara mata sifirin don ta ɗaga daga ƙasa. Ya cire kujerar baya ya shimfiɗa katako. Ya ɗaura farantin sola a rufi, ya haɗa shi da ɗan firij, don kada zafi ya kashe allura kafin a isa. Makiyaya ba su daina kiransa ba, shi ma bai daina zuwa ba.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin dama. Bayan mako uku a asibiti harshe ya dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannu kuwa ya ƙi. Guzuma ta zauna a gindin darbejiya ta ƙofar gida har damina biyu. Tayoyi suka sace, kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashinta. Malam Bilyamin ya daina zama a waje, don ba ya son ganinta haka. Da babbar 'yarsu Najiba ta zo daga Damaturu ta ce ko a bai wa masu sayen tsohon ƙarfe, bai musa ba, bai kuma ci abinci ba ran nan.

Matarsa Laraba tana da injin markaɗe a zaure, kuma shekara da shekaru ita take canza masa bel da kanta. Washegari da hantsi ta ɗauko akwatin sifanunsa ta ajiye a gabansa.

"Malam, wanne ne na cire batir?"

"Me za ki yi da shi?"

"Hannunka ne ya ƙi, kanka ai lafiya lau yake. Ni kuma ga hannu. Ka riƙa faɗa ina yi."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Can ya nuna da haɓa. "Mai lamba goma. Ki fara da baƙar waya."

Haka suka fara. Kullum in ta sallami masu markaɗen safe, sai ta ɗaura tsohon zane, ta fito masa da kujera. Suka zubar da tsohon mai, suka wanke tanki. Suka sauke lagireto, ta kai wa mai walda a keke napep. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Wata rana ta ɗaure noti har ya karye, ya yi mata faɗa a gaban maƙwabta, ta ajiye sifana ta shige gida. Kwana biyu babu wanda ya taɓa motar. A na uku ya dogara sandarsa har bakin injin markaɗe ya ce, "Laraba, ni ma na karya irinsa sun fi goma. Ki yi haƙuri." Ta ce to, amma sai ta gama markaɗa wake.

Matan layi sun yi ta magana, wasu da dariya, wasu da tausayi. Laraba ta ci gaba da aikinta. Abin da ta lura da shi shi ne, in tana fama da kusa mai tauri, Malam yakan manta ya miƙo hannun daman nan ya dafa mata ƙarfe. Da farko zamewa yake. Bayan wata biyu ya fara riƙewa.

Sifirin ɗin baya ne ya tsayar da su. Ganyen ƙarfensa biyu sun karye, kuma an zaga kasuwar kayan mota ba a sami irinsu ba, samfurin ya tsufa. Ana nan sai ga Ardo Bubayaro, wani dattijon makiyayi daga wajen Mamudo, ya shigo gari ranar kasuwar shanu ya biyo dubiya. Ya ga mota a kan duwatsu, ya ga Laraba da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya tambaya aka gaya masa. Ya yi sallama ya tafi. Ranar kasuwa mai zagayowa ya dawo da sifirin guda cur, ɗaure a bayan babur. Ashe akwai gawar irin motar a wani ƙauye, ana ajiye harawa a cikinta.

"Ardo, me zan ce maka?" in ji Malam Bilyamin.

"Likita, shekarar ciwon huhu ka manta? Kwana huɗu ka yi a rugarmu. Shanun da nake kora yau jikokin waɗanda ka yi wa allura ne."

Malam Bilyamin ya sunkuyar da kai.

Ranar da za a tayar da Guzuma, Laraba ce ta murɗa makulli. Motar ta yi tari sau uku, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Malam ya kara kunne a jikin bodi ya saurara. Ya ce a rage mata wuta kaɗan, aka rage. Sai ya koma kujerarsa ya zauna yana ta hamdala a hankali.

Tuƙi dai ya fi ƙarfinsa yanzu, ya kuma yarda da haka. Mu'az, ƙanen Laraba, tsohon direban tirela, shi yake jan su. Fitarsu ta farko rugar Ardo suka nufa, a tsakiyar damina. Bayan Mamudo suka faɗa laka har tsakiyar taya. Kafin Mu'az ya buɗe ƙofa, Laraba ta riga ta sauka ta murɗa makullan ƙafafun gaba don su ma su ja. Aka sa ƙaramar giya, Guzuma ta yi gurnani ta fita.

A ruga mata suka kewaye Laraba suna duba tafin hannunta. Malam Bilyamin ya tsaya a bakin garke da sandarsa, yana nuna wa 'ya'yan Ardo inda za su soka allura a wuyan saniya. Ta ƙarshe ya ce a ba shi. Da hannun daman ya riƙe, allurar kuma ta shiga daidai.

A hanyar dawowa, da ƙwaryar kindirmo a cinyarsa, ya ce, "Laraba, Allah ya saka miki. Ban san yadda zan biya ki ba."

Ta ce, "Amin, Malam. Amma birkin nan na ji yana ja gefe ɗaya."

Mu'az ya ce shi ma ya ji. Suka tsayar da Asabar za su buɗe shi.