Randunan Kudakun Iya

A gidanmu na Furfuri, bayan ɗakin kakata, akwai wasu tsofaffin randuna jere a jikin danga. Duk fasassu ne, waɗanda mata suka fid da rai da su. Iya, uwar babanmu, ita ta bi gidajen maƙwabta tana roƙonsu, mutane suna ta dariya suna cewa tsufa ya fara taɓa ta. Wannan kuwa a shekarar da ruwa ya yi yawa ya ruɓar da gero tun yana tsaye, aka shiga rani rumbu bai kai rabi ba. Ina da kamar shekara takwas lokacin, ƙanena Sahabi bai cika huɗu ba.

Da bazara ta kama rumbun ya nuna gindinsa. Babanmu ya ɗauki sandarsa ya nufi Gusau neman dako, ya bar mu da Inna da Iya. Ba mu da fadama, kuma a shekarar ko mai fadama ba ya barci, don abin da aka shuka a fili ba ya kai ranar tonawa. Shi ya sa Iya ta ce nata shukar a cikin gida za ta yi, inda idonta yake. Ta aika garin Mada wurin wata ƙanwarta aka kawo mata yaɗon kudaku, abin da mutanen gabas ke kira dankali, an naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Ina ganin hannunta har yau. Ta huda gindin kowace randa da tsinken ƙarfe don ruwa ya riƙa wucewa, ta zuba tsakuwa a ƙasa. Ni na riƙa ɗebo mata ƙasa mai yashi daga bakin rafi a ƙwarya, ita tana cuɗa ta da tsohon kashin awaki wanda ya riga ya huce, da ɗan toka. Ta yanka yaɗon tsawon kamu, ta binne rabinsa a karkace. Ruwan da aka ɗauraye ƙwarya da shi ba a zubarwa, nasu ne. In ta ga ƙwaro a ganye sai ta barbaɗa toka da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba.

Damina ta sauka, yunwa ta sauka tare da ita. Sau ɗaya muke ci, da yamma, tafasa ko rama da gishiri, wani lokaci da ɗan dusa. Bayan magariba sai mu taru a ɗakin girki, don can ne wuta take, ruwa yana dukan jinka, hayaƙin ɗanyen ice yana sa mu hawaye. Iya ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen murhu, ta ɗora Sahabi a cinya. A da tatsuniyoyinta ba su da iyaka. A wannan damina guda ɗaya ta riƙe, kullum ita.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wai an yi wata mata a wani gari da yunwa ta kore mutanensa, ita da ɗiyarta ƙarama. Rannan wata tsohuwar Bafulatana ta biyo ta ƙofarta da ƙishirwa, matar ta ba ta ruwan da ya rage mata. Da tsohuwar ta sha sai ta kwance bakin zanenta ta ba ta ɗan reshe kore, ta ce ta dasa a tukunya, kada ta tona sai ganye ya yi rawaya. Maƙwabciyarta ta gani, ta roƙi tsinke ɗaya, ita ma ta dasa. Kwana ya yi kwana, yunwa ta matsa, maƙwabciya ta kasa daurewa ta kife tukunyarta, ba ta tarar da komai ba sai tsakuwa. Ita kuwa uwar yarinya kullum ɗiyarta tana kuka, kullum tana ce mata gobe. Har wata safiya suka ji ƙara, tukunya ta tsage da kanta, kudaku ya yi ta gangarowa, kowane kamar cinyar yaro, har ya toshe ƙofar ɗaki. Hayaƙin gashinsa ne ya kira mutanen garin suka dawo.

A nan Iya takan buɗe hannuwanta ta nuna girman kudakun, Sahabi ya bi hannun da ido. Sai ta ce, "Nan ta tsaya, na ɗaure bakinta. Kowa shi nemi tabarmarsa."

Ni na ɗauka da ni take, don sau da yawa takan kama ni tsugune gindin randa ina cusa yatsa cikin ƙasa. Ba ta duka. Sai dai ta ce, "Ke maƙwabciya, tashi nan."

Da gero ya fara ɗaukar ciki a gona, Sahabi ya daina wasa. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, in aka ba shi ganye sai ya wuce ta cikinsa kamar yadda ya shiga. Ya daina ma amsa buɗin tatsuniya, ni kaɗai nake amsawa.

Inna mace ce mai kunyar surukarta, ban taɓa jin ta nemi wani abu a wurinta ba. Wata safiya ta zo ta durƙusa gaban Iya, kanta a ƙasa.

"Iya, yaron ga ba ya riƙe ganye. Ko a duba randa guda?"

"Bai yi ba, ɗiyata. Dubi ganyen, shar yake. In mun tona yanzu, saiwa za mu tarar."

"Ko saiwar ce. Shi samu abin da zai zauna mai a ciki."

Iya ta dubi randunan, ta dubi ɗakin da yaron yake kwance. Ta ce, "In na kife ta yau, abin da zai ciyar da mu kwanaki nan gaba shi za a cinye a loma biyu. Ga wannan ita ma," ta nuna ni da haɓa, "baki gare ta."

Inna ba ta tashi ba. Can sai Iya ta dafa bango ta miƙe, ta je wurin randar da ta fi kowace cika da ganye, ta ce in kama mata. Muka kwantar da ita, ƙasa ta zube. Iya ta sa hannu tana lalube. Abin da ta fito da shi bai cika tafinta ba, sirara, jajaye, kamar yatsun jariri.

Inna ta dafa su ta murje a ludayi. Sahabi ya ci, har ya lashe ludayin, ya ce a ƙara. Babu ƙari. Kashegari Iya da kanta, ba wanda ya roƙe ta, ta kife ta biyu. Ita ma haka. Ba ta kai ga ta uku ba, don yaron ya daina haɗiya. Ranar wata Laraba da hantsi ya cika, maza maƙwabta suka ɗauke shi cikin tabarma. Babanmu sai daga baya labari ya iske shi a Gusau.

Ba a yi wata guda ba ganyen sauran randunan ya fara rawaya. Muka kife su ni da Iya, Inna ta ƙi fitowa. Kudakun bai kai cinyar kowa ba, amma ya yi, ya cika ƙwarya babba har da tozo. Shi muka riƙa ci kaɗan-kaɗan har aka yanke gero. Ba na shakka shi ya tsallakar da ni. Na ci, kuma ya yi mini daɗi, abin da har yau nake jin nauyinsa ke nan. Inna takan karɓi nata ta juya mana baya ta ci.

Iya ta koma sauran tatsuniyoyinta da kaka ta yi, amma ta matar nan mai tukunya ba ta sake yin ta ba, ni ma ban nema ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin haƙuri ne, cewa wanda ya jira zai ci. Da na girma na yi aure a Tsafe, na haifi nawa, na binne biyu daga cikinsu, sai na gane ba haka abin yake ba. Inna da ta ce a tona tana da gaskiya. Iya da ta ce a bari ita ma tana da gaskiya. Gaskiyar kowace ba ta hana ɗaukar tabarmar nan ba. Iya ta shuka kudaku tun tana yarinya, ta kuma ga yara da yawa da ƙafa ta kumbura. Ta san kwanakin da suka rage wa randa, ta san waɗanda suka rage wa yaron, ta san ba za su haɗu ba. Da wannan sanin take zama bakin murhu kowace yamma, muryarta ba ta rawa.

Na je gaishe ta a ciwonta na ƙarshe, ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Ina matsa mata ƙafa na tambaye ta ko don ta hana ni tona randa ta ƙirƙiro wannan tatsuniyar.

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "Ke ai tsawa ɗaya ta ishe ki. Hannuna nake riƙewa, kada ni in tona."